Gudu ba takalmi: neman lafiya ne ko neman ciwo?

Wai da gaske ne takalmin gudu shi ke kashe wa mutane gwiwa, kuma idan mutum ya tuɓe shi ya koma gudu ƙafa a ƙasa zai rabu da ciwon? Tambayar da ke ta yawo kenan tun da bidiyoyin masu gudu ba takalmi suka cika TikTok da YouTube, za ka ga bature ko baturiya suna ta sassarfa a kan kwalta ba ko silifas, suna cewa haka aka halicci ƙafar ɗan Adam, kamfanonin takalma ne suka yaudari duniya. A gefe guda kuma ga masu tallar wani irin takalmi falle ɗaya, mai faɗin baki, mai tsadar gaske, wai shi sanya shi kamar ba ka sa komai ba ne. Namu mutanen sun rabu biyu, wasu na cewa ai wannan abin da muka taso muna yi ne a filin ƙwallo, me ye sabo a ciki, wasu kuma musamman matasan da suka rungumi motsa jiki da asuba sun fara gwadawa, har an fara jin masu kukan agara da tafin ƙafa.

Maganar tana da gaskiya a ciki, tana kuma da ƙari mai yawa, kuma wurin da gaskiyar ta tsaya ƙarin ya fara shi ne mutane ba su cika ganewa ba.

Me ake nufi tukuna?

Abu biyu ne ake haɗawa. Na farko gudu ba takalmi kwata-kwata, fata a kan ƙasa. Na biyu gudu da takalmi mara kauri, wanda aikinsa kawai ya kare fata daga kwalba da ƙaya da zafin ƙasa amma bai tallafe ƙafar da komai ba. A shekarar 2015 wasu masana daga ƙasashe daban-daban sun haɗu sun tsayar da ma'aunin gane irin wannan takalmin, suka ce a duba abu biyar: nauyinsa, yadda yake lanƙwasuwa, kaurin tafinsa, bambancin tsayi tsakanin dunduniya da gaban ƙafa, da kuma ko an saka masa abubuwan da ke riƙe ƙafa kar ta karkace.

Wancan bambancin tsayin shi ya fi muhimmanci a gane. Kambas ɗin gudu na yau da kullum dunduniyarsa ta fi gabansa tudu da kamar milimita 8 zuwa 12, wato kana tsaye ne a kan ɗan gangare ba ka sani ba. Takalmi mara kauri kuwa bambancin daga sifili ne zuwa milimita 4. Abin kamar ba yawa, amma agara da tsokar sha-raɓa sun san da shi, don idan ka shekara ashirin dunduniyarka na ɗage, ranar da ka sauke ta ƙasa sai sun miƙe fiye da yadda suka saba a kowane taku.

Daga ina maganar ta taso?

Duk mai wannan zancen da Abebe Bikila yake farawa. Sojan fadar Sarki Haile Selassie ne na Habasha, a watan Satumban 1960 ya shiga gudun famfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum, kilomita 42 da ɗoriya, ya gama cikin awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16, ƙafarsa ba takalmi, ya zama baƙar fata na farko daga Afirka da ya ci zinare a Olamfik. Takalmin da ya samu a can bai yi masa daidai ba, yana fitar masa da bororo, sai ya ajiye shi ya yi gudun yadda ya saba yi a gida. Abin alfahari ne ga duk ɗan Afirka, musamman da yake a babban birnin Italiya, ƙasar da ta mamaye Habasha a shekarun 1930, ya yi shi. Amma abin da masu bidiyo ba sa ƙarasawa shi ne bayan shekara huɗu a Tokiyo, 1964, Bikila ya sake cin zinaren sanye da takalmi, ya kuma fi sauri, awa 2 da minti 12 da daƙiƙa 11, makonni kaɗan bayan an yi masa tiyatar afendis. Akwai kuma Zola Budd 'yar Afirka ta Kudu da ta yi suna a shekarun 1980 tana gudu ba takalmi, ta ci gasar gudun daji ta duniya a 1985 da 1986.

Shi kuwa takalmin gudu mai soso da muka sani yanzu bai wani daɗe ba. A shekarun 1970 ne sassarfa ta zama yayi a Amurka, kamfanoni irin su Nike suka fara fitar da kambas mai tudun dunduniya, aka shigo da soson roba mai laushi a cikin tafin. Kafin nan ko masu gudun gasa takalmi mai ɗan siririn tafi suke sawa. To daga nan ne masu sukar suka samu hujjarsu ta farko, kuma hujja ce mai ƙarfi: an shekara da shekaru ana ƙara soso ana ƙara fasaha ana ƙara kuɗi, amma masu gudu ba su daina jin ciwo ba, har yau kaso mai yawa na masu gudu suna samun wani rauni a kowace shekara.

Abin ya fashe ne a 2009 lokacin da wani ɗan jaridar Amurka Christopher McDougall ya fitar da littafi a kan mutanen Tarahumara, wata ƙabila da ke zaune a tsaunukan jihar Chihuahua ta ƙasar Meziko, waɗanda ke gudun nisa na ban mamaki sanye da takalmin da suke yankawa daga tsohuwar tayar mota su ɗaure da igiyar fata. Littafin ya yi kasuwa sosai, nan da nan mutane suka fara rububin wani takalmi mai yatsu biyar na kamfanin Vibram na Italiya mai suna FiveFingers. Su mutanen Tarahumara kam da gaske suke, a 2017 wata 'yarsu María Lorena Ramírez ta ci gasar kilomita 50 a jihar Puebla sanye da siket da takalmin roba, ta bar ɗaruruwan masu kambas a baya.

Me ke faruwa idan ƙafa ta taɓa ƙasa?

Nan ne zuciyar maganar, don haka bari mu ɗan daɗe.

Ƙafa ɗaya tana da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, ga tsokoki da jijiyoyi sama da 100. Tafin ƙafa ba shimfiɗaɗɗe ba ne, yana da lanƙwasa a tsakiya wadda ke ɗan lotsawa idan ka taka ta kuma dawo idan ka ɗaga, haka ita ma agara tana miƙewa ta dawo. Su biyun nan suna adana wani ɓangare na ƙarfin takun su mayar maka da shi, shi ya sa gudu bai cin ƙarfin da ya kamata a ce ya ci. A kowane taku na gudu nauyin da ke sauka a ƙafa yana kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikin mutum, kuma a kilomita ɗaya ana yin taku wajen dubu. Ka ga kenan ƙaramin kuskure a yadda ake taka ƙasa, idan aka maimaita shi dubbai a mako, dole ya nuna kansa a wani wuri.

Mutane kala uku ne wajen sauke ƙafa. Akwai mai fara dira da dunduniya, akwai mai dira da tsakiyar tafi gaba ɗaya, akwai mai fara dira da gaban ƙafa sannan dunduniya ta biyo. Wani bincike da aka yi a Japan a 2007 a kan ƙwararrun masu gudu sanye da takalmi ya nuna kusan kashi 75 cikin 100 da dunduniya suke dira. A 2010 sai Farfesa Daniel Lieberman na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa suka wallafa bincike a mujallar Nature, sun auna masu gudu a Amurka da kuma a yankin Rift Valley na Kenya, har da yaran da ba su taɓa sa takalmi ba. Suka ga waɗanda suka saba da gudu ba takalmi sun fi dira da gaban ƙafa ko tsakiya, kuma idan aka dira haka babu wani bugu mai kaifi da ke hawa ƙashi a farkon takun, saɓanin mai dira da dunduniya wanda na'ura ke nuna bugun ƙarara ko da yana cikin soso. Dalilin a fili yake, ka gwada gudu da dunduniya a kan siminti ba takalmi, taku goma ba za ka yi ba jikinka zai canza salo da kansa, ka rage faɗin taku, ka ɗan lanƙwasa gwiwa, ka sauka a hankali. Soso shi ke ɓoye maka zafin har ka iya miƙa ƙafa can gaba ka buga dunduniya ba ka ji ba.

Wannan binciken shi aka ɗauka aka yi ta yayatawa cewa kimiyya ta tabbatar gudu ba takalmi ya fi lafiya. Alhali binciken bai ƙirga masu jin rauni ba sam, ƙarfin bugu kawai ya auna, kuma su masu binciken sun faɗi haka da bakinsu. Yana da kyau kuma mai karatu ya san kamfanin Vibram na cikin waɗanda suka tallafa wa aikin da kuɗi, wannan bai sa sakamakon ya zama ƙarya ba amma abu ne da ya kamata a sani.

Sai kuma a 2013 wasu masu bincike suka je wurin mutanen Daasanach a arewacin Kenya, gefen tafkin Turkana, su ma ba sa sa takalmi, suka tarar yawancinsu, sama da kashi 70 cikin 100, da dunduniya suke dira idan suna gudun da bai da sauri. Wato babu wani salo guda da za a ce shi ne na asali ga duk ɗan Adam, abin ya danganta da sauri, da taurin ƙasa, da abin da mutum ya saba.

Abin da ya fi tabbata a duk binciken da aka yi daga baya shi ne wannan: canza yadda kake dira ba ya ɓatar da nauyin, wuri kawai yake canza masa. Mai dira da dunduniya gwiwarsa da ƙugunsa ke ɗaukar kaso mafi yawa. Mai dira da gaban ƙafa ya sauƙaƙa wa gwiwa, amma ya ɗora wa agara da sha-raɓa da idon sawu da dogayen ƙasusuwan nan biyar da ke bayan yatsu. Kamar mai ɗauke da buhu ne ya sauke shi daga ka ya mayar kafaɗa, buhun bai rage ko mudu ɗaya ba, sai dai a tambaya wace gaɓa ce ta fi iya ɗauka a jikin wannan mutumin. Wanda gwiwa ke damu zai iya samun sauƙi na gaske, wanda agararsa ke da matsala kuwa zai ƙara wa kansa ne.

Amfanin da ke da hujja

Ƙafar da ke aiki da kanta tana ƙarfi, wannan ba a cika musu a kai ba. Ƙananan tsokokin da ke cikin tafin ƙafa idan kullum takalmi na tallafe su sai su yi sanyi, idan aka bar su suna aiki sai su yi kauri. An yi gwaji a Jami'ar Liverpool ta Ingila inda mutane suka yi wata 6 suna harkokinsu na yau da kullum, tafiya kawai ba gudu ba, cikin takalmi mara kauri, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da fiye da rabi. Tun 1992 ma wani bincike a Indiya a kan yara 2,300 ya nuna shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa ya fi yawa a yaran da ke sa takalmi, kashi 8.6 cikin 100, a kan kashi 2.8 na yaran da ke yawo ba takalmi, kuma abin ya fi muni a masu sa rufaffen takalmi. Iyayen da ke hana yaro taka ƙasa ko a tsakar gida mai tsafta, suna ƙunshe masa ƙafa a takalmi tun bai iya tafiya ba, ya kamata su sake tunani.

Akwai kuma maganar ji. Tafin ƙafa cike yake da jijiyoyin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa irin ƙasar da aka taka, da su mutum ke daidaita tsayuwarsa. Mutane na ɗauka kantar da ke fitowa a ƙafar mai yawo ba takalmi tana kashe wannan jin, amma wani bincike na 2019 da aka yi a Kenya da Amurka ya nuna kanta tana kare fata ba tare da ta rage jin ƙasa ba, abin da soson takalmi ba ya iya yi. Sannan yatsu na samun wurin bajewa, ba kamar a cikin takalmi mai tsukakken baki da ke tura babban yatsa yana karkata ba.

Maganar sauri kuwa a bar ta. Gaskiya ne duk giram 100 da aka ƙara wa nauyin takalmi yana ƙara wa mai gudu wahala da kusan kashi 1 cikin 100, amma bincike a Jami'ar Colorado a 2012 ya nuna takalmi mara nauyi mai ɗan soso ya fi ba takalmi sauƙin gudu, don idan babu soso tsokokin ƙafa ne ke yin aikin soson, su kuma da ƙarfinka suke aiki.

Inda aka ji jiki

Lokacin da yayin ya kai ƙololuwa, wajen 2010 zuwa 2012, likitocin ƙafa a Amurka sun fara ganin masu zuwa da tsagewar ƙasusuwan bayan yatsu da kumburin agara. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young suka ɗauki ƙwararrun masu gudu 36, suka bar kusan rabi da takalminsu, sauran 19 suka koma takalmin yatsu biyar a hankali cikin mako 10. Da aka ɗauki hoton MRI, wato hoton asibiti mai nuna cikin ƙashi da nama, 10 daga cikin 19 ɗin nan sun nuna alamar ƙashin ƙafarsu ya fara wahala, biyu har ƙashin ya tsage. A lura fa waɗannan ba sababbin shiga ba ne, kuma ba a rana ɗaya suka canza ba, amma mako 10 bai ishi ƙashi ba. Tsoka tana saurin sabawa, numfashi na nan daram, mutum na jin zai iya kilomita 10 kamar jiya, amma ƙashi da jijiya watanni suke buƙata, kuma ba sa gargaɗi da wuri.

Kamfanin Vibram ma ya sha ƙara a kotu kan cewa ya yi tallar takalminsa na rage rauni da ƙara ƙarfin ƙafa ba tare da isasshiyar hujja ba. A 2014 ya amince ya biya dala miliyan 3.75 ya kuma daina irin wannan iƙirarin, duk da bai amsa laifi ba. Daga nan kasuwa ta juya gaba ɗaya, takalma masu tulin soso irin na Hoka suka karɓe fage, sai Nike ta zo da takalmin Vaporfly mai farantin kabon, wato wani siririn falle mai tauri, a cikin tafinsa a 2017. Da irin wannan takalmin Eliud Kipchoge na Kenya ya yi gudun famfalaki cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 2019, duk da ba a saka shi a kundin tarihin gasa ba. Abin ya kai hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta kafa doka a 2020 cewa kaurin tafin takalmin gasar titi kar ya wuce milimita 40. A 2023 Tigst Assefa, mace 'yar Habasha, ta gama gudun famfalaki na birnin Balin a Jamus cikin awa 2 da minti 11 da daƙiƙa 53, ta fi lokacin Bikila na Tokiyo. Yaran Kenya da Habasha da yawa ba takalmi suke tasowa suna gudu zuwa makaranta, wannan na gina musu ƙafa, amma da zarar sun shiga gasa takalmi suke sawa, ko a gasar gudun famfalaki ta Legas da aka fara a 2016 wadda akasari su ke lashewa, ka dubi ƙafafun na gaba-gaba ka gani.

To mu fa, da muka taso muna taka ƙasa?

Nan ne nake ganin masu kwaso bidiyon waje suke kuskure ta fuska biyu. Ta fuskar farko, wanda ya taso yana buga ƙwallo a rairayi ba takalmi, yana zuwa gona da silifas ko takalmin taya, ƙafarsa ta riga ta samu abin da baturen ke biyan kuɗi yana nema. Silifas da takalmin taya da takalmin robar da makiyaya ke sawa duk falle ɗaya ne, ba tudun dunduniya, ba soso. Ba ka buƙatar kashe albashin wata a kan takalmin da aka yi wa tambari don ka samu wannan. Amma kuma kar wanda ya shekara goma sha biyar a ofis cikin sau-ciki, yana hawa mota yana sauka, nauyinsa ya ƙaru, ya ce ai ni ɗan ƙauye ne ƙafata ta sani. Ƙafar da kake da ita yau ita ce abin dubawa, ta yarinta ta wuce.

Fuska ta biyu ita ce ƙasar da ake takawa, kuma wannan ya fi damuna. Mai bidiyon nan a kan ciyawar da aka share yake gudu ko titin da ake wankewa, a garin da rana ba ta da zafi. Mu kuwa a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai zafin iska na haura digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa ba kusa ba, tana iya ƙona fata cikin ɗan lokaci. Ga fasassun kwalabe, ga ƙusa, ga tsidau da ƙarangiya, ga ruwan kwata. Ƙusa mai datti na iya jawo tetanus, cutar da ke sandarar da jiki, ga wanda bai yi rigakafi ba. Akwai tsutsar hanji mai shan jini wadda ta fatar ƙafa take shiga a wuraren da ake bahaya a fili, tana cikin abubuwan da ke jawo ƙarancin jini ga yara da mata masu ciki. Akwai jiga da ke shiga ƙarƙashin farce. A Habashar da ta haifi Bikila sama da mutum miliyan ɗaya ke fama da wani irin tundurmi da ke samuwa daga shekaru ana taka jar ƙasar tsauni ba takalmi, ana samunsa a tsaunukan Kamaru ma, kuma babban rigakafinsa shi ne sa takalmi da wanke ƙafa. Wanda ya san asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya san yawancin saran kububuwa a ƙafa yake samun manomi da makiyayi. Saboda haka idan ana yabon tafiya ba takalmi a tuna cewa miliyoyin mutane ba zaɓa suka yi ba, rashi ne ya sa su, kuma takalmi gare su magani ne. Yaron da ke yawo a kasuwa ƙafa duk faso ba motsa jiki yake yi ba, takalmi yake buƙata.

Waɗanda bai kamata su gwada ba

Mai ciwon suga shi ne na farko, kuma a nan babu sassauci. Ciwon yana kashe jijiyoyin ƙafa a hankali har mutum ya taka ƙaya ko ƙasa mai zafi bai ji ba, ga shi kuma rauni ba ya saurin warkewa, ƙaramin gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Likitoci ma cewa suke mai suga kar ya yi yawo ba takalmi ko a cikin gida. A lokacin aikin Hajji ana samun alhazan da takalminsu ya ɓace suka taka ƙasa da rana ƙafarsu ta ƙone, masu suga su suka fi shan wahalar don ba sa jin zafin sai ɓarna ta auku. Haka duk wanda ƙafarsa ke yin dindiris, ko jini ba ya gudana sosai a ƙafar, ko ya taɓa samun tsagewar ƙashin ƙafa, ko agararsa ke ciwo yanzu, ko ƙashinsa ya yi rauni saboda shekaru. Mai ƙiba sosai da yanzu zai fara motsa jiki shi ma ya fara da tafiya cikin takalmi mai daɗi tukuna.

Kuma wanda ke gudu da kambas ɗinsa shekara da shekaru ba abin da ke damunsa, ni ban ga dalilin da zai sa ya canza ba. Har yanzu babu wani babban bincike da ya nuna masu gudu ba takalmi sun fi masu takalmi ƙarancin rauni idan aka haɗa jimilla, irin raunin ne ke bambanta.

Idan mutum ya ce shi dai zai gwada

To ya ɗauke shi a matsayin atisayen ƙarfafa ƙafa, kamar yadda kociyoyi da yawa ke sa 'yan wasansu su ɗan zaga filin ciyawa ba takalmi bayan sun gama atisaye. A fara da tafiya, a tsakar gida ko filin da aka duba aka tabbatar ba kwalba, na wasu makonni. Sannan a shigo da sassarfa ta minti biyar ko ƙasa da haka, sau biyu a mako, da hutun kwana ɗaya ko biyu a tsakani, sauran gudun a ci gaba da yinsa da takalmin da aka saba. Ƙarin ya zama kaɗan-kaɗan, a sa ran watanni shida ko fiye kafin a ce an saba, ba makonni ba. Da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, lokacin da ƙasa ta huce. Rairayi mai zurfi yana da daɗi amma yana ɓoye abin da zai soke ka kuma yana gajiyar da agara, shimfiɗaɗɗen fili mai ɗan tauri wanda ido ke ganin komai ya fi.

Kar a tilasta wa kai gudun sanɗa a kan yatsu, wannan kuskuren shi ya fi kai mutane wurin masu gashin ƙashi. Gaban ƙafa ko tsakiya ya fara sauka, dunduniya ta biyo ta taɓa ƙasa a hankali. Taku ya zama gajere mai yawa, ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki. Wannan gyaran ma ko cikin kambas za a iya yinsa, bincike ya nuna ƙara yawan taku da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 yana rage nauyin da ke kan gwiwa, wato mai ciwon gwiwa zai iya samun kaso mai kyau na amfanin ba tare da ya tuɓe komai ba. A haɗa da ɗaga dunduniya a tsaye a sauke a hankali don ƙarfafa sha-raɓa, da tsayuwa a ƙafa ɗaya, da jawo tawul da yatsu.

Tsamin sha-raɓa na kwana ɗaya ko biyu a farko ba abin tsoro ba ne. Amma ciwo a wuri guda a saman ƙafa wanda za ka iya nunawa da yatsa ɗaya, ko kumburi, ko zafin dunduniya a takun farko da safe, ko agara ta yi tauri tana zafi idan an taɓa, waɗannan alamu ne na a tsaya nan take a koma takalmi, idan ya wuce kwanaki bai lafa ba a je asibiti a duba, don tsagewar ƙashi sau da yawa ba ta fitowa a hoton farko sai bayan mako biyu ko uku, kuma wanda ya ci gaba da gudu a kanta zai iya ƙarewa da watanni a zaune. Bayan kowane gudu a wanke ƙafa da sabulu, a duba tafi da tsakanin yatsu, a kuma tabbatar rigakafin tetanus bai wuce shekara 10 ba.